Ranar da Tabarmar Lami Ta Bushe

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya dawo mini da abin da na kusa zubarwa da hannuna. Ni ba mai ilimi ba ce. Ɗan bokon da nake da shi a ajin yaƙi da jahilci na mata na tsince shi, wata bakwai kacal, don haka wanda ya ga karkace a rubutun nan ya miƙe ta a zuciyarsa. Abin da ya zaunar da ni shi ne, shekaranjiya na ji wata maƙwabciya tana ce wa ɗanta, "Daga la'asar ba kai ba randa." Na shiga na yi mata magana, ta dube ni kamar mai taɓin hankali. To bari in sa a takarda, ko wata ta karanta wa wata.

Sunana Hajara. A Fagge muke, gidan haya mai ɗaki shida da tsakar gida ɗaya. Maigidana tela ne, Babarbare haifaffen Kano. 'Ya'yanmu biyu: 'yar fari, wadda ake ce wa Lami, tana cikin shekara ta bakwai a lokacin, sai na goye. Kun san al'ada, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi a gaban manya. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Ku riƙe wannan, yana cikin abin da ya kusa kai ta kabari.

Lami tana fitsarin kwance. Ba kullum ba, amma yakan yi yawa. Muna rufa wa kanmu asiri, in wanke tabarma da sassafe in shanya a bayan ɗaki, har Gwaggo Falmata ta dawo gidan da zama. Ƙanwar uban maigidana ce, ita ta raine shi bayan rasuwar uwarsa. Aka kama mata ɗakin da ke kusa da namu, ta ce a ba ta Lami ta riƙa kwana wurinta. Mace ce mai tsafta da ibada, ba zan tauye mata wannan ba. A kwana na uku fitsari ya bi tabarma ya taɓa zanen sallarta. Da gari ya waye ba ta ba ni tabarmar in wanke ba, ta ɗora ta a kan katangar da kowa ke wucewa.

Yaran gidan suka samu abin yi. Suna tafi suna cewa, "Lami damina! Lami damina!" Matar mai ɗakin ƙofa ta leƙo ta ce, "Hajara, ku kam bana ba ruwanku da roƙon ruwa." Aka yi dariya. Lokacin tsakiyar bazara ne, zafin da ƙadangare ma ke neman inuwa.

Da maigida ya dawo cin abinci, Gwaggo ta zaunar da mu.

"Abu biyu ne maganinsa," in ji ta. "Daga azahar ba ita ba ruwa, sai gari ya waye. Tulun da ba a zuba masa ba, me zai yoyo? Na biyu, a ɗora mata talla. Zaman ɗaki ne ya tara mata ruwa a jiki. Abin da ya fita ta goshi ba zai fita ta tabarma ba."

Maigida ya ce, "Gwaggo ta fi mu sani."

Ni ma na yarda. Kuma ba zan yi ƙarya in ce tilasta ni aka yi ba. Maganar ta zauna mini daidai a kunne, ga kunyar tabarmar nan ta ishe ni. Ni da hannuna na ɗauki dutse na kafa ƙusa can sama a jikin bango, na rataye moɗar randa inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Talla kuwa sahu uku aka yanka mata, tare da manyan 'yan matan gidan. Da safe ƙosai zuwa tasha wurin leburori, da rana ɗanwake zuwa bakin kasuwar Sabon Gari, da yamma gyaɗa mai gishiri. Ni ba na fita, ban san nisan wuraren nan da ƙafa ba. Sunayensu kawai na sani.

Mako na farko tabarma ta jiƙe sau biyu tak. Amma ni mai yawan kallo ce, tun ina yarinya ake mini faɗa a kai. Akwai wurin da Lami ke tsugunawa kusa da makwarara, sai na ga abin da take yi ya sake launi. A da fari ne, kamar ruwan da aka ɗauraye tsamiya. Yanzu ya koma kamar shayin da ba madara, ga wari mai hawa kai. Leɓenta ya tsage. Wata rana bayan la'asar na fito daga ɗakin girki na tarar da ita ta durƙusa, ta manna fuska a jikin randa, tana lasar danshin da ke tsattsafowa ta waje.

Gwaggo ta gani daga ƙofarta. Ta ce, "Kin ga wayo ko? In kika yi sanyi yau, kin ɓata aikin kwana bakwai."

Na janye ta. Har na ɗan make ta a kafaɗa. Wannan hannun da nake rubutu da shi.

Mako na biyu ta fara zazzaɓi da yamma, tana cewa bayanta na ciwo, nan saman ƙugu. Gwaggo ta ce ciwon shawara ne da ƙyuya, ta jiƙa mata wasu saiwoyi da kanwa, rabin ludayi, aka ɗura mata. Talla ba a fasa ba. In ta tsuguna sai ta daɗe, abin da zai fito bai fi cokali biyu ba, ja-ja kamar ruwan zoɓo. Sai ga tabarma ta kwana huɗu a jere a bushe.

Ranar ta huɗun Gwaggo ta fito da ita tsakar gida ta shimfiɗa, ta kira matan gidan. "Ku zo ku taɓa! Ina masu dariya? Ku shafa ku ji!" Suka zo suna shafawa suna cewa barka. Matar mai ɗakin ƙofa ta ce, "Kai, tsoho magani ne a gida." Ni ma na shafa. Na yi murna. Allah ya gani, murna na yi, har na raba wa yara ƙosai sadaka.

Mako na uku fuskarta ta ciko, idanun suka ƙanƙance. Gwaggo ta ce ƙiba ce, jiki ya huta da zubar da ruwa. Amma na ga awarwaron hannunta, wanda da yake zamewa har gwiwar hannu, ya nutse cikin nama. Na kuma sa ido a wurin makwarara tun safe har magariba, ban ga ta je ba ko sau ɗaya. Maganar ta zo mini har bakin haƙori. Amma yaya zan tsaya gaban Gwaggo in nuna ina lissafin tsugunnin 'yar fari? Sai a ce Hajara ba ta da kunya. Na bari sai da maigida ya zo zai fita da safe, na ce masa a hankali, "Malam, yarinyar nan fa ba ta tsugunawa gaba ɗaya."

Ya yi dariya yana sa hula. "Tana yi kun yi kuka, ta daina kun yi kuka. Ku mata me za a yi muku?"

Ranar nan aka ɗora mata ƙosai, ta dawo tana jan ƙafa, aka ɗora mata ɗanwake.

Rana na tsaka sai ga wata mata ta faɗo gidan ba sallama, Inyamura, doguwa, da Lami a bayanta, faifan talla a hammata. Daga baya na san ana ce mata Mama Ngozi, tana sayar da manja da busasshen kifi a bakin kasuwar Sabon Gari, kuma kullum takan sayi ɗanwake wurin Lami. Ta daɗe a Kano, Hausa a bakinta ba ta da kwana-kwana.

"Ina uwar yarinyar nan?"

Na ce ga ni.

"Ke ce kika hana ta ruwa? Kwana goma ina miƙa mata kofi, tana cewa Inna ta hana, in ta sha za a gane da safe. Yau ta zube a gaban rumfata."

Gwaggo ta fito tana ɗaura ɗankwali. "Wace ce wannan za ta shigo gidan mutane tana ɗaga murya? Yarinya ta yi ƙiba, rana ta ɗan buge ta, shi ne abin tara jama'a?"

Mama Ngozi ta sauke Lami a kan tabarmar nan, ta sa babban yatsa ta danna ƙwaurinta, ta ɗaga. Wurin ya lotsa, ya zauna a lotse kamar an danna tuwo.

Ta dubi Gwaggo ta ce, "Mama, ƙiba tana yin rami? Ki ajiye zagina zuwa gobe, zan zo in karɓa. Yau asibiti."

Ban nemi izinin kowa ba. Na ja mayafi, na goya Lami, Mama Ngozi ta goya ƙaramin. Ranar na fara sanin abin da ake nufi da hanya da tsakar rana. Ni babba, wadda ta sha ruwa ta ƙoshi kafin fitowa, ba mu yi rabi ba harshena ya manne a dasashi. Ƙasa tana cin tafin ƙafa. Na ce a raina, sahu uku. Kullum sahu uku, da kaya a ka.

A asibiti muka tarar da layin karɓar kati ya zagaya bishiya, malamin katin kuma ya tafi cin abinci. Muka zauna har inuwa ta juya. Da muka samu shiga, wani disfensa mai ba da magani ya dube ta daga inda yake zaune, bai ko taɓa ta ba, ya ce a ba mu ruwan magani a kwalba mu dawo jibi. Ni har na miƙa hannu, don ban san ana musu da mai farin kaya ba. Mama Ngozi ce ta buɗe murya da Turanci, ta yi ta yi, har wata sista ta leƙo daga wani ɗaki. Ita ma ta danna ƙwaurin, ta ja fatar ido ta duba, ta ce a bi ta da yarinyar. Da ni kaɗai ce, jibin nan da sai dai a kai ta wani wuri.

Likitan Bature ne, da tafinta a gefensa. Ya tambayi yaushe rabonta da fitsari. Na ce shekaranjiya, shi ma ɗigo. Ya tambayi abin da take ci da abin da take sha. Na faɗa duka, da moɗa, da ƙusa, da sahu uku, da jiƙon kanwa. Tafintan ya tsaya ya dube ni kafin ya juya maganar. Likitan ya cire tabarau ya riƙe a hannu, ya yi magana mai tsawo, ba da faɗa ba. Da ma faɗan ya yi.

Tafinta ya ce, "Ya ce ƙoda biyu ce a bayan mutum, nan inda take cewa yana ciwo. Aikinsu tace jini, su fitar da dattin ta fitsari. Kuma ba sa aiki sai da ruwa, kamar yadda ba kya tace gasara a bushe." Na san wannan ta gasarar tafintan ne ya ƙara don in gane, kuma na gane. "Ya ce yaron da ke yawo a rana, zufa ce ke fara ɗiban rabonta, ƙoda sai abin da ya rage. Ku kun hana ta baki, rana ta kwashe ta fata, ƙoda ta tashi ba komai. Yanzu sun rufe. Ya ce in gaya miki, bai taɓa ganin yaron da fitsarin kwance ya kashe ba. Rashin fitsari shi ke kisa."

Ina jin haka na zabura na ciko kwano a famfo, niyyata in ɗura mata har ta ce ya isa. Sista ta fizge kwanon. Ta ce yanzu ƙofa a rufe take, duk abin da aka zuba ba shi da mafita, zai taru ya hau mata ƙirji. Aka kawo wani kofi mai zane-zane a jiki, aka nuna mini iyakar abin da za ta sha a yini, da ɗan sukari a ciki. Aka kuma ajiye kwalba a ƙarƙashin gado, duk ɗigon da ta yi a tara a auna. Wato lokacin da ruwa zai amfane ta na hana, lokacin da nake son bayarwa aka hana ni. Ita kuwa ko roƙo ba ta yi. Sai dai ta bi kofin da ido.

Zaman asibiti ba sai na faɗa ba. Kuɗin cizo a gado, masu jinya a baranda kamar kayan wanki, mai kawo fo na ba-haya ba ta jin kira sai ta ga goro, allurar safe kuwa kamar da basilla ake yi. Keken ɗinkin maigida ya yi kwanaki a rufe, tasoshin jerena biyu suka tafi kasuwa ba su dawo ba. Amma sistar nan, Allah ya saka mata. Wani abokin maigida ya kawo rubutu a kwalba, na ɓoye a zane ina tsoron a zubar. Ta gani. Ba addininmu ɗaya ba, amma ta karɓa ta zuba a kofin nan ta auna, ta ce, "Ki ba ta, sai mu rage a na yamma."

A Fagge kuwa, labarin da ya iso mini shi ne wai Inyamurar ce ta ba ta wani abu a kasuwa. Matar da ke rufe rumfarta kullum da la'asar ta zo ta karɓi goyona in samu in yi salla.

Kwana na uku Gwaggo ta zo dubiya. Ta ga kofin, ta ji bayani, sai fuskarta ta washe.

"To! Ashe shi ma likitan hana ruwa yake yi. Ni da na faɗa da Hausa na zama mayya, shi da ya faɗa da Turanci ya zama mai ceto. Ba ga shi ba, Hajara? Maganata ce dai."

Ban san sanda bakina ya buɗe ba. Na ce, "Gwaggo, shi yana hanawa ne yana roƙon ta yi. Mu mun hana muna roƙon ta daina. Lami 'yata ce. Lami. Na bar ta tana lasar randa don kada a ce ba ni da kunya. To yau a faɗa."

Matar gadon kusa ta daina fifita. Gwaggo ta ɗauki sandarta, ta dubi maigida da ke tsaye a gefe ta ce, "Bukar, ka ji abin da ka aura." Maigida ya sunkuyar da kai, bai bi bayana ba, bai bi bayanta ba. Lami kuwa ta juyo tana kallona. Ranar ta fara jin sunanta a bakina.

Kwana biyar abin da ke taruwa a kwalbar nan bai rufe gindinta ba. Kullum da safe sista ta ɗaga ta a haske, ta girgiza kai, ta rubuta. Lami ta daina magana, numfashinta ya yi wani wari, tana ta barci. Ni da na yi shekara ina roƙon Allah ya busar da tabarma, na koma ina roƙonsa ya jiƙa ta, ko da gidan duka zai nutse.

Safiya ta shida ana sauya zanen gado, na ɗauke ta na ɗora a cinya. Sai na ji ɗumi yana bin cinyata. Na ɗauka zufa ce. Ya ci gaba, ya ratsa zane, ya gangara har ƙafa, ya fara ɗiga a siminti. Na ƙwala ihu, masu jinya suka taso a guje sun zaci rai ya yi halinsa. Sista ta iso ta ga abin da ake ciki, ta riƙe ƙugu.

"Hajara! Duk wannan a zane? Me zan rubuta wa likita?"

Sai kuma ta fashe da dariya, ta sa aka ara mini wani zane, ta karɓi nawa ta matse shi a cikin tasa ta auna. Ni ina kuka, ita tana matsa.

Daga ranar ƙofa ta buɗe. Aka riƙa ƙara mata ruwa daidai da abin da ta fitar, kumburi ya sauka, awarwaro ya koma zamewa. Launin ya tashi daga zoɓo ya koma shayi, daga shayi ya koma fari. Sai da muka cika mako uku aka sallame mu. Likita ya ce ta sha duk sanda ta ji ƙishi, in ta yi guje-guje ko ta shiga rana a ƙara mata ko ba ta nema ba. Ya ce wasa ba laifi ba ne, a bar ta ta koma a hankali, amma ba doguwar tafiya da kaya sai bayan watanni. In riƙa duba launi: in fari ne, lafiya, in ya yi duhu, jiki ne ke roƙon ruwa, in ya ɗauke, a taho a ranar. Fitsarin kwance kuwa, a tashe ta ta yi kafin manya su kwanta, sauran girma zai raba su. Na tambaya ko ƙodar ta koma kamar da. Ya ce ba zai yi mini alkawari ba, kuma in ta girma ta yi ciki, a gaya wa masu awo abin da ya taɓa samun ta. Da wannan nake kwana, da shi nake tashi.

Da muka dawo gida ba wanda ya yi laifi. Gwaggo ta ce ciwo na Allah ne. Matan da suka shafa tabarma suna barka suka ce su dama sun ga idon yarinyar ba daidai ba. Maigida ya ɗinka wa Mama Ngozi riga ya kai mata har rumfa, na gode masa da wannan, amma har yau bai ce mini "kin faɗa" ba. Ni ma ban wanke kaina ba. Gwaggo ta ba da shawara, amma ba ita ta kafa ƙusa ba.

Lami ta dawo ɗakina da kwana. Tabarma takan jiƙe, ni da kaina nake ɗora ta a kan katangar nan, inda kowa zai gani. In yara sun fara "Lami damina" sai in ce su ƙara murya, damina ai alheri ce.

Ke da ake karanta wa wannan, kada ki hana yaro ruwa don tabarma. Tabarma ana wankewa. Kuma in kin ga abu a jikin ɗanki, ki faɗa, ko na fari ne, ko gaban wa kike.

Na cire ƙusar tun ranar da muka dawo, na ɗaure moɗa da igiya a wuyan randa inda ko mai rarrafe zai kai. Yau wata takwas ke nan. Amma har yanzu Lami ba ta ɗiban ruwa da kanta. In ta dawo daga wasa, zufa na zuba, sai ta je ta tsaya a gaban randa, hannuwa a baya. Ta dubi inuwar katanga ta ga ko azahar ta wuce, ta dubi ƙofar Gwaggo, sannan ta dube ni.

"Inna, in sha?"

"Sha, Lami. Sha ki ƙoshi."

Sai ta kurɓa sau biyu, ta mayar da sauran cikin randa.